Salular da Inna Ta Ba Kawu

Ban taɓa ganin na'urorin nan da idona ba. Shekara uku ina aiki a cikinsu, amma ko ƙofar ɗakin da aka jera su ban sani ba. An ce suna ƙarƙashin wani gini na jami'ar da nake karatu, can wata ƙasa mai nisa, kwamfutoci ne jibgi haɗe da juna suna aiki tamkar guda. Mai bincike ba ya zuwa wurinsu. Daga inda yake zai buɗe tasa ƴar kwamfutar, wata baƙar taga ta fito, ya rubuta sunansa, ya rubuta kalmar sirri, sannan a tambaye shi lambobi shida. Lambobin nan ba a haddace su, don duk rabin minti suke canzawa, kuma a salula ɗaya tak suke fitowa, wadda aka ɗaura wa sunan mutum tun ranar farko. In babu wannan salular, ko kai ka gina jami'ar a waje za ka tsaya.

Abin da na zuba a cikin na'urorin geron Baba ne. A gonarmu da ke arewa da Malbaza, inda in ka miƙe daga duƙe kana hango motocin siminti suna bin kwalta, Baba yana da wani ɗan gefe ta gabas da ba ya shuka kome a ciki sai wani tsohon iri da ya gada wurin mahaifinsa. Zangarniyarsa doguwa ce, ga gashi, tsuntsu ba ya son sauka kanta. Aibinsa ɗaya, nawa gare shi wurin nuna, damina kuwa yanzu ba ta jiran kowa. Duk garin an bar shi, Baba kaɗai ya nace. Ana yi masa tsiya a bakin masallaci cewa ya auri gero, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai tsohuwar zuma ce ake magani da ita.

Da na samu gurbin karatu, shi ya hau rumbu da kansa ya zaɓo mini zangarniya biyar. A can aka tsirar da ƙwayar, aka niƙa ganyen, aka karanto rubutun halittar da ke cikinsa, baƙaƙe masu yawan da babu kwamfutar mutum ɗaya da za ta ɗauka. Sauran ƙwayar aka ƙone, don haka dokar ƙasar ta ce a yi da irin da ya shigo daga waje. Na haɗa da wasu irin da na roƙo wurin tsofaffi a Alela da Tajaye, na duƙufa ina kwatanta su, ina neman abin da ya sa na Baba ya bambanta. Digirina kacokan a kan wannan ya rataya.

Wata rana a waya Baba ya tambaye ni inda na ajiye geronsa. Na rasa yadda zan yi masa bayani, na ce a wani rumbu ne na Turawa, babba, ba gara ba ɓera. Ya ji daɗi ƙwarai. Ni kuwa na san ba rumbu ba ne. A cikin na'urorin kowa yana da wuri biyu: wani ɗan lungu nasa na dindindin, wanda ba ya cin kaya da yawa, da wani fili mai faɗi na kowa da kowa inda ake baza babban aiki. Filin nan masussuka ce, ba wurin ajiya ba. Duk abin da ya kwana saba'in a ciki ba a taɓa shi ba, share shi ake yi. Kullum na shiga sai gargaɗin ya fito a saman tagar, ni kuma ina karanta shi yadda ake karanta rubutun bayan mota. Tun da kullum ina taɓa kayana, me zai same su? Na sha cewa gobe zan nemi wurin kwashe su, goben ba ta zo ba.

Damina biyu a jere gefen gabas bai yi ba. Ta biyun Baba ya riga ya kwanta ciwo, aka shuka gefen tun kafin ruwa, wato binne, ruwa ya sauko sau ɗaya ya ɗauke, shukar ta ƙone a ƙasa. Iri ya ƙare ke nan. Ƙanwata ta ce da aka gaya masa ko a jikinsa, cewa ya yi da Inna: "Ba komi, shina wajen yaro."

Bayan an gama ɗaurin gero ya rasu. Na kwaso abin da hannuna ya kai na taho, ban iske jana'iza ba. Cikin jakata akwai salula biyu: sabuwa wadda ban daɗe da fara riƙewa ba, da tsohuwa mai fasasshen gilashi, a kashe, cikin aljihun gefe. Tsohuwar ita ce mai lambobin. Mayar da su kan sabuwar aikin rabin awa ne, shi ma yana cikin abubuwan da na bar wa gobe. Jakar aka kai ɗakin Inna, don nan ne kaɗai baƙi ba sa shiga barkatai.

Ban buɗe kwamfuta ba har aka yi addu'ar arba'in. Ba ni da wannan zuciyar, kuma takardar zamana a can ta ƙare ina nan, sabuwa ba ta fito ba, don haka ba maganar komawa kusa. Kwana uku bayan addu'ar na hau tudun bayan gari, inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake ɗan kamawa, saƙonni suka shigo. Ɗayansu daga na'urorin ya fito: kayanka sun daɗe ba a taɓa su ba, saura kwana ashirin da ɗaya a share. Ban damu ba. Shiga kawai zan yi in taɓa su, aikin minti biyar. Na sauko gida na sa ƙanwata ta ɗauko mini jakar. Na zazzage ta har sau biyu, babu tsohuwar salula.

"Wace? Mai tsagaggen gilashi?" in ji ƙanwata. "Ai Inna tab ba Kawu ita ran arba'in. Tashi ta hwaɗa rijiya tun kaka. Tac ce kai kana da biyu, waccan ko kunna ta ba ka yi."

Dole in faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba wanda bai san mu ba zai ce ai sai ka je ka tambaye ta. Ni ne ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kallon idona, ba ta aike na kai tsaye. Ina zaune a tsakar gida za ta ce da ƙanwata, ko ma da akuya in ba kowa: "A hwaɗa ma wancan tuwo na hucewa." A can jami'a na sha ba abokai wannan labarin suna dariya, ni ma ina taya su. Ranar nan ban yi dariya ba. Ga ta cikin takaba, a zaune bisa tabarma da tasbaha, ta yi wa ɗan'uwanta alheri da abin ɗanta, wanda a wurinmu nata ne ba sai ta tambaya ba. Da wane baki zan ce mata ta yi ɓarna?

Ƙanwata, wadda ta fi ni hankali tun muna yara, ta ce in tashi gobe-goben nan in kai wa Kawu sabuwar in karɓo tsohuwar. Na ce ba ta san Kawu ba ne? Mutumin da ya yi shekara biyu bai tako gidanmu ba saboda an mayar masa da buhun wake da ya aiko, aka ce ya bar wa iyalinsa? In na tafi takanas saboda salula, ko musanya ce, abin da zai ji shi ne an biyo kyauta. Gara in bari sai zagayen godiya ya kai ni can, in shigo da maganar cikin hira kamar ba kome. Zagayen godiya kuwa yana da tsari. Dangin uba ake fara bi, babba kafin ƙarami, sannan a juya kan dangin uwa. In na tsallake baffannina na fara da Tajaye, garin Kawu, maganar da za a yi sai ta fi shekara ba ta mutu ba. Na lissafa: kwana ashirin da ɗaya ne, Tajaye kuma ba guduwa za ta yi ba.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, Alela, Konni, ƙauyukan da ke tsakani, ina shan fura ina amsa "ya haƙuri". Ko'ina sai an riƙe ni wuni. Kwana tara na kashe. Ko saƙo ɗaya ban aika wa masu kula da na'urorin ba, don a ganina makullina ba ɓata ya yi ba, yana aljihun kawuna. Mutum mai karatu har wannan matsayi, wankin hula ya kai shi dare yana kallo.

Ranar Alhamis na hau kabu-kabu na isa Tajaye da hantsi. Kawu, ƙanen Inna, dattijo ne siriri mai son tsabta, ya tarbe ni a gindin itacen bedin da ke ƙofar gidansa da murna ta gaske. Ban kai ga nemo hanyar maganar ba ya sa hannu aljihu ya fito da ita. Har an sa mata sabon gilashi, tana ta walƙiya.

"Ka gane ta?" Ya yi dariya. "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ai ta ba ni wahala. Kwana goma sha tana naɗe cikin tsumma, in na kunna sai ta biɗi lamba. Nic ce in aika a tambaye ka, kuma nij ji kunya, kar a ce an ba tsoho abu shina biɗar ƙari. Ina ta jiran ka zo, ba ka zo ba. Jiya Laraba nik kai ta kasuwar Konni, mai gyara yaw wanke ta tas. Yanzu ji yadda taka magana."

Ya latsa, muryar wani malami ta tashi yana wa'azi. Na karɓa na duba. Babu kome nawa a ciki, ko hoto ɗaya. Shi yana jira na saboda kunya, ni ina kewaye-kewaye saboda kunya, tsakaninmu kwana ɗaya rak. Na miƙa masa abarsa na ce ta yi kyau, Allah ya sa ya more ta. Na shanye furar da aka kawo har ƙasan ƙwarya, ban san ɗanɗanonta ba.

Washegari na sauka Konni na nemo mai gyaran, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, zaune cikin rumfar kwano da tarin matattun saluloli gabansa. Na tambaye shi ko akwai dabarar da za a maido abin da ya goge. Sai ya ji kamar na raina masa sana'a. "Malam, ni aikina ba ya da saura," in ji shi. "Abin da niw wanke ya wanku."

Saura kwana goma sha ɗaya. Sai a lokacin na rubuta wa ofishin taimako na jami'ar. Suka amsa da ladabi: za su ɗaura lambobin a sabuwar salulata, amma sai sun ga fuskata da katin ɗalibi ta kiran bidiyo, kada wani ya yi sojan gona. Magana ce mai ma'ana, ni ma da ni ne haka zan yi. Suka ba ni lokaci, kwata ɗaya na awa, bayan kwana uku.

Kiran farko a tudun bayan gari na yi shi. Fuskar wata mata daga ofishin ta fito, ta buɗe baki, ta daskare a haka. Ina ta ɗaga salula sama ina juyi, masu amalanke suna wucewa suna yi mini sannu da irin muryar da ake yi wa wanda mutuwar uba ta taɓa wa kai. Na biyu na tafi Konni don na ce birni ne. Na manta halin garin: ana tsakar magana salular ta saki rezonmu ta kama na tsallaken iyaka, kiran ya tsinke, kafin in daidaita lokacina ya wuce. Na uku na shiga wani sibar, shagon intanet mai kwamfutoci huɗu da fanka ɗaya, a nan kiran ya tsaya. Matar ta ga fuskata, na kanga mata katin. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wa'adin katin ya ƙare, tunda ban sabunta rajista ba. Sai malamin da ke duba aikina ya rubuto ya shaide ni.

Na ce na ji, a bar maganar shiga. Roƙona ɗaya, kada a share kayana. Na gaya mata geron mahaifina ne, ya rasu, kuma babu irin a ko'ina. Ban san abin da ya sa na gaya mata ba. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na yarda da gaske take. Amma sharar ba mutum ke yin ta ba, na'urar ke yi da kanta in ranar ta zo, masu ikon tsayar da ita kuma wani ofishi ne daban, za ta tura musu. Da ta yi mini wulaƙanci da na samu inda zan sauke fushina. Ba ta yi ba, na fito da abina cike da ciki.

Na rubuta wa malamina, amsar da ta dawo ta na'ura ce: ya tafi hutun ƙarshen shekara. Wancan ofishin ma haka. Na kira wani abokin karatuna, ya gwada, aka ce ba shi da izinin taɓa kayan wani. Duk ƙasar ta tafi hutu, sai abin da ke share kaya shi kaɗai ne ba ya hutu.

Ranar da wa'adin ya cika gona na tafi, na ce zan tara kara. Ban tara kome ba. Na zauna a gefen gabas, ƙasa fayau, ina duba agogo ina lissafin ƙarfe nawa ne a can, kamar sanin lokacin zai rage wani abu. Ban yi kuka ba ranar da na iso na iske an binne Baba, mutane har suna yaba dauriyata. A nan na yi shi, da rana tsaka, ba kowa sai awakin mutane.

Bayan sabuwar shekara malamina ya dawo ya rubuta, cikin kwana biyu aka gyara kome. Na koma sibar ɗin da safe. Na rubuta sunana, na rubuta kalmar sirri, sabuwar salula ta ba ni lambobi shida, na zuba. Ƙofa ta buɗe ba gardama, ga marhabin, ga gargaɗin nan na kwana saba'in a inda yake kullum. Na shiga filin, na buga umarnin da ke jero abin da ke ciki. Ba abin da ya fito. Ɗan farin layin ya sauko ƙasa yana ƙyaftawa, yana jiran in ce wani abu. Na sake bugawa, na sake, har mai sibar ya leƙo ya tambaya ko rezo ne. Na ce a'a, rezo lafiya lau.

A ɗan lunguna na dindindin na iske takarda ɗaya da na rubuta tun shekarar farko, jerin sunayen irin da inda na samo su. Layi na farko: na Baba, gabas da gona, zangarniya biyar. Wurin da aka karanto rubutun tun farko suka ce shekara ɗaya suke riƙe kwafi. Malamina, mutumin kirki, ya ce kada in karaya, in samo sabon iri a sake daga tushe. Na bi ƙauyuka ina tambaya har bayan Tajaye. Duk tsohon da na kwatanta wa zangarniyar sai ya gyaɗa kai ya ce ya san ta sarai, ai wajen babanka kaɗai ta rage.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Ƙanwata ta san salular makulli ce, iyakar abin da ta sani ke nan, na kuma roƙe ta kada Inna ta ji. Na rufe kwamfutar na tura ta ƙarƙashin gado. Na zama mai zaman ƙofar gida, ana tambayata yaushe ne komawa, ina cewa takarda ake jira. Amma uwa ba a ɓoye mata irin wannan, ko da ba ta kallonka. Ta matsa wa ƙanwata har ta faɗa.

Da zafi ya shigo Inna ta fita takaba. Mace in ta fita, gidajen dangi take fara bi ta yi godiya, don haka ba wanda ya yi mamaki da ta ce Tajaye za ta. Ta tafi da sassafe, ta dawo da la'asar a bayan amalanke, ta yi wujiga-wujiga. Ba ta wuce ɗakinta ba. Inda nake zaune ta nufo, ta ajiye wani ƙullin tsumma a gabana, ta dube ni. Ido da ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Amshi," ta ce. "Na amso ta. Ka buɗe ma ubanka rumbunshi, ruwa sun kusa."

Abin da na kasa yi cikin kwana tara, ni da nake namiji mai ƙafa, ita ta yi shi: ta je gaban ƙanenta ta lashe amanta. Daga baya ƙanwata ta ce Kawu ya miƙo salular, bai ko rako ta bakin hanya ba. Har yau bai sake tako gidanmu ba.

Ta tsaya, ba ta da niyyar tafiya. Na jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado, muka fita bayan gida inda rezo ke ɗan leƙowa, na ajiye tsohuwar salular a gefe yadda za ta gan ta, na ɓoye sabuwar a cinyata ina kwafar lambobin. Baƙar tagar ta fito, ɗan farin layin yana ƙyaftawa a kan wofi. Ta sunkuyo tana kallo, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba.

"Ya buɗe?"

Na ce ya buɗe, Inna. Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta shige gida. Daga ranar ta koma yadda take, ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba.

Da ruwa ya sauka muka fita shuka, ina ji ta ce da ƙanwata a faɗa wa wancan a bar gefen gabas, iri yana tafe. Aka bar shi, ciyawa ta cinye. Na sha ɗaura niyyar gaya mata gaskiya, sai in tuna gaskiyar tana da salular nan a cikinta, da Kawu, da tafiyar da ta yi a banza, in haɗiye. Damina ta sake zagayowa bana. Shekaranjiya ina gyaran ƙotar kalmen noma a tsakar gida, ta fito da ƙwarya a hannu, ta tsaya tana kallon akuya, ta ce a tuna wa wancan kada a taɓa gefen gabas.